Kuɗin beli a caji ofis

Ka ce an tsare ƙanenka, an ce sai ka kawo dubu ashirin kafin a ba da belinsa. Kada ka biya, belin 'yan sanda kyauta ne. Mai tsaya masa kawai ake buƙata, da katin shaida da adireshi. Nemi ganin DPO, wato shugaban caji ofis ɗin, ka kuma rubuta sunan da ke jikin rigar wanda ya nemi kuɗin, da rana da lokaci.

Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu cikin kilomita 40, in babu, kwana biyu. Sai dai in zargin kisa ne ko fashi da makami, belin ya fi ƙarfin DPO, sai babbar kotu. Nan kam nemi lauya.