Gudun dare a hanyar da babu fitila

Ɗan'uwa, ka tambayi gudu nawa ya kamata ka yi da dare a hanyar ƙauye da ba ta da fitilun titi. Kada ka wuce kilomita 60 a awa, in kuma mota ta taho ta gabanka har ka rage hasken fitilarka, sauko 40 zuwa 50. Gaskiya ne hukumar kiyaye haɗurra ta yarje wa ƙananan motoci kilomita 80 a babbar hanya, amma wannan iyaka ce, ba a ce dole sai ka kai ta ba.

Abin lura shi ne ka iya tsayawa cikin tazarar da fitilarka ke haskawa. A gudun 80 mota tana cin mita 22 a daƙiƙa ɗaya, kafin ƙafarka ta bar totur ta hau birki ka riga ka cinye rabin abin da ƙaramar fitila ke nuna maka. Na ga haka tsakanin Gumel da Haɗeja lokacin kaka: amalanken shanu shaƙe da karan dawa, ba fitila ba komai, sai ƙyallin idon shanun na hango. Ina kan 55 ne, na tsaya saura taku kaɗan, gabana na dukan uku-uku. Ga kuma tirelar da ta lalace aka jera mata ganye a kwalta, da masu babur da ko jar fitilar baya babu. In hazo ya sauka kuwa, ko 50 ɗin ma ta yi yawa.