Me ya sa agogon Makka ya riga na Katsina da awa biyu?

Ɗan'uwa, ka ce ka kira Hajiya daga Katsina da ƙarfe 8 na dare, ka tarar can Makka 10 ta yi. Agogonka ƙalau yake.

Duniya tana juyawa ne zuwa gabas, digiri 15 a kowace awa, shi ya sa rana ke riga fitowa ga na gabas. A 1884, a taron Washinton, aka amince a riƙa ƙirga layukan taswira da suka ratsa duniya daga arewa zuwa kudu, a fara daga garin Girinic na Ingila. Najeriya da Nijar suna gaban lokacin Girinic da awa 1, Saudiyya da awa 3. Ka ga bambancinmu awa 2 ke nan.

Amma gwamnatoci ne ke yanke lokacin ƙasarsu. Sin, duk faɗinta, agogo ɗaya take bi. Indiya kuwa tana gaban Girinic da awa 5 da rabi. Ingila tana tura agogo gaba daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sai lokacinmu ya zo ɗaya.

Abin da nake so ka kula da shi: an ɗora agogonmu a kan layin digiri 15 gabas da Girinic, Katsina kuma tana wajen 7 da rabi. Don haka zawali a nan sai wajen 12:30. Salla da buɗa-baki rana suke bi, kada ka ɗauki jadawalin Maiduguri ka yi aiki da shi a Daura.