Amsa ga mai neman alƙalamin tawada mai rufaffen baki

Assalamu alaikum. Malam, da na karanta tambayarka cewa kana neman alƙalamin tawada mai rufaffen baki, irin ƙirar Parker 51, wanda ba zai cinye maka albashi ba kuma zai jure rubutun yau da kullum, sai na ji kamar ni ne na rubuta ta shekara shida da suka wuce. Ka ce hunturu yana busar maka da bakin alƙalami da zarar ka ɗan dakata, to wannan damuwar ce ta jefa ni cikin abin da zan ba ka labari.

Duk malamin da ya taɓa zama da tarin takardun jarrabawa a watan Janairu a nan Zariya ya san cewa kafin ya gama karanta amsar ɗalibi ɗaya, buɗaɗɗen baki ya bushe. Rufaffen baki ya fi jurewa, domin ƙarfen yana ɓoye cikin kubensa, tsinin kaɗai ke waje, kuma a bayansa akwai wani ɓangare mai tsage-tsage da ke riƙe tawada kusa da bakin. Dabarar da kamfanin Parker ya fito da ita ke nan a alƙalaminsa Parker 51 a 1941, daga baya kamfanin Hero na Shanghai ya kwaikwaye ta a Hero 616, wanda saboda arharsa da farin jininsa jabunsa suka cika kasuwa.

Jabun ne na faɗa wa. Wani mai shagon kayan rubutu a Sabon Gari, wanda na yi shekaru ina sayen littattafai da alli a wurinsa, ya rantse mini cewa na ainihi ne, har ya ce albarkacin sabo ya rage mini kuɗi. Ban gwada ba, ban ko warware jikinsa na duba ba. Mako biyu bayan haka aka ɗaura auren ƙanwata a Tudun Wada, ranar Juma'a, a tsakiyar zafin Afrilu, kuma ni ne waliyyi. Na sa sabuwar farar shadda, na maƙala alƙalamin a aljihun ƙirji domin in rubuta sunayen shaidu. Muna zaune a ƙofar masallaci, liman ya fara addu'a, sai kawuna ya taɓa ni da gwiwar hannu ya nuna ƙirjina da haɓa. Baƙar tawada ce ta malale tun daga aljihu har kan aikin wuya, faɗinta ya kai tafin hannu, ga dangin ango a gabana, ga masu ɗaukar hoto da waya. Na karɓi sadaki hannuna ɗaya a ƙirji kamar mai rantsuwa a kotu. Har yau hotunan suna yawo a cikin dangi.

Abin da ya fi tabon ƙona mini rai shi ne amsar mai shagon da na koma masa washegari da rigar a leda. Ko kallonta bai yi ba, ya ce kayan da ya fita ya fita, ya kuma ƙara da cewa wataƙila ban iya riƙe irin wannan alƙalami ba. Ni da na fara rubutu da tawada tun yana wasan ƙasa. Da na kwance alƙalamin a gida sai na tarar 'yar jakar robar da ke ɗaukar tawada ba ta manne da kyau ba, kuma babu siririn bututun iska a cikinta, wanda ake samu a na ainihi. Ban sake taka shagonsa ba.

Saboda haka, Malam, idan Hero 616 za ka saya, ka warware jikinsa a gaban mai shago, ka ɗaga jakar ga haske ka nemi wannan bututun, ka kuma duba ko tsinin ya yi daidai da tsakiyar kuben. Ka tafi da takardar da kake rubutu a kanta kullum, ka tsoma bakin a tawada ka yi layi biyu. Wanda ya hana ka gwaji, ka yi masa sallama. Na ainihin ma sai an matsa jakar sau da yawa, ana dakatawa, kafin ta sha tawada.

Da ni ne kai, Jinhao 51A zan fara da shi, domin tawadarsa tana cikin wani ɗan bututu da ake cirewa a wanke ko a canja, kuma shi nake aiki da shi yanzu, guda biyu, na shuɗi da na ja. Sai dai ka lura, akwai mai buɗaɗɗen baki a ƙarƙashin wannan sunan, don haka ka bayyana wanda kake so. Rubutunsa siriri ne, abin da ya dace da takardunmu masu shan tawada. Wing Sung 601 ya fi shi ɗaukar tawada, amma duk alƙalamin da cikinsa ya yi rabi, iskar da ke ciki tana iya kumbura da zafi ta turo tawada waje, don haka a bazara nake cika nawa kowace safiya, ba na kuma barinsa a mota. Lamy 2000 kuwa mu bar wa masu hali.

Kada ka kuskura ka zuba masa tawadar allo, komai kyanta, domin ƙaron da ke cikinta zai toshe waɗannan tsage-tsagen, kuma rufaffen baki yana da wuyar wankewa. Haka ma tawadar hatimi. Tawadar Parker Quink ko ta Pelikan 4001 ta ishe ka, tare da wanki da ruwan sanyi sau ɗaya a wata. Kuma ranar taro, in ka sa fararen kaya, ka bar shi a jaka, bakinsa yana sama. Shaddar tawa, bayan maiɗakina ta gaji da lemon tsami da sabulu, marina aka kai ta aka mayar da ita shuɗiya.