Tambaya da Amsa: Labarin Fim ɗin Daratt na Ƙasar Chadi

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, na ji an ambaci wani fim na ƙasar Chadi mai suna Daratt, aka ce ya ci kyauta a Turai. Mene ne labarinsa, kuma yaya masu sharhi suka karɓe shi? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Mahamat-Saleh Haroun, haifaffen garin Abeche, shi ne ya ba da umarnin wannan fim, wanda ya fito a 2006, kuma da Larabcin Chadi da Faransanci aka yi shi. Labarin ya fara ne a ranar da rediyo ta sanar cewa an yi afuwa ga waɗanda suka aikata ta'asa a yaƙin basasa. Jin haka sai wani tsoho makaho ya miƙa wa jikansa Atim, ɗan shekara 16, bindiga, ya tura shi Njamena ya kashe mutumin da ya hallaka mahaifinsa tun yaron yana ciki.

Atim ya tarar da mutumin, Nassara (sunansa ne kawai, domin Musulmi ne mai zuwa masallaci), yana sana'ar gasa burodi, yana raba wa yara sadaka, ga raunin yaƙi a maƙogwaro wanda ya sa ba ya iya magana sai ya ɗora wata na'ura a wuyansa. Nassara ya ɗauki yaron aiki bai san ko ɗan wane ne ba, ya koya masa kwaɓa fulawa, har ya nemi ya mai da shi ɗansa. A ganina nan ne ƙarfin fim ɗin yake, domin kusan babu hira tsakaninsu. Kallo ne da gumi da zafin tanda, alhali mai kallo ya san akwai bindiga a kusa. Daga ƙarshe Atim ya kai shi gaban kakan a cikin sahara, ya harba bindiga sama, tsohon kuwa ya tafi da yaƙinin an ɗauki fansa.

Game da karɓuwa, fim ɗin ya sami kyauta ta musamman ta alƙalai a bikin finafinai na Venis a 2006, sannan ya zo na uku a gasar finafinan Afirka ta FESPACO a Wagadugu a 2007. Masu sharhi sun fi yaba ƙarancin maganarsa da wasan Youssouf Djaoro, wanda ya fito a matsayin Nassara. Wanda ya saba da finafinai masu waƙa da rawa zai iya ganin tafiyarsa da nawa, sai dai wannan nawar ce take sa a ji nauyin shawarar da ke kan yaron. Haroun ya sake ɗaukar Djaoro a fim ɗinsa da ya ci kyautar alƙalai a bikin Kan na Faransa a 2010.