Kaskon wuta da bukukuwan hunturu

'Yar'uwa, kin tambaya me za ki kiyaye yanzu da yara ke hutun Disamba, sanyi ya sauko Birnin Kebbi, ga bukukuwan aure sun yi yawa.

Ni abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kaskon gawayi a ɗaki. Gawayin da ke ci yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi. Mutum zai ji ciwon kai da jiri da kasala, ya ɗauka barci ne. Ki ɗumama ɗakin, amma ki fitar da kaskon waje kafin a kwanta, ko da ya zama garwashi. Janareta ma haka, kada ya kwana a zaure ko kusa da taga. Hunturu kuwa komai a bushe yake, tartsatsi ɗaya ya ishi katifa ko danga.

A wajen biki, mayafi da manyan tukwanen girki ba sa shiri, yara kuma su zauna nesa da murhu. Idan bikin a Argungu ne ko Jega, ku dawo da sauran rana, ƙurar hunturu tana rufe wa direba hanya. Ki ajiye lambar gaggawa 112 a wayarki.