Me ya sa kukan kwaɗi ya ragu a kududdufinmu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina noman rani a Bukuru, da ruwan tsohon ramin kuza nake ban ruwa. Da muna yara in damina ta sauka kukan kwaɗi ko barci ba ya barinmu, yanzu kuwa sai ɗai-ɗai. Wani ɗalibi ya ce min wai ƙarfen cikin ruwa ne ke kashe musu mazakuta. Dan Allah da gaske ne?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Yaron nan bai yi ƙarya ba, duk da dai maganin feshi da cike fadamu da gine-gine su ma suna rage kwaɗi. Ka ga shi kwaɗo fatarsa sakayau take kuma kullum a jiƙe, ta nan yake shan ruwa har numfashi yana yi da ita, to duk abin da ke cikin ruwan, dalma ce ko kadmiyom ko makuri, wato ƙarafa masu guba, kai tsaye jikinsa yake shiga, kuma su waɗannan ba sa ruɓewa, taruwa suke yi a hanta da ƙoda shekara da shekaru.

Inda abin ya fi muni shi ne 'ya'yan maraina. Kadmiyom yana kama da zinki wanda jiki ke buƙata wajen haɗa maniyyi, sai ya shige gurbinsa ya ɓata aikin, ƙwayoyin da ke samar da sinadarin namiji su lalace, maniyyin ya ragu, wanda ya saura ma ba ya iya iyo sosai. Su kuwa kwaɗi a waje suke barbara, namiji ya ɗafe bayan mace tana zuba ƙwai yana zuba maniyyi a kai cikin ruwa, in ba shi da ƙarfi ƙwan nan haka zai ruɓe ba ɗa ko ɗaya. Kukan nan da kake kewa ma maza ne ke yi don kiran mata, kuma sinadarin namijin ne ke tunzura shi.

Ni wallahi abin da ya fi damuna kai ne da iyalinka, don kabeji da latas ɗin da kake shayarwa suna iya zuƙar kadmiyom. Ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, gubar dalma ta wajen haƙar zinare ta kashe yara sama da 400. Ka ɗebi ruwan a gora mai tsabta da ɗan taɓon ƙasan ramin, ku haɗa kuɗi da maƙwabtan gonarka ku kai ɗakin gwaji, ku ce a duba dalma da kadmiyom. Kafin sakamako ya fito kar a bar yara su yi wanka a ciki.