Tambaya da Amsa: Ina Son Kafa Ƙaramin Layin Dogo a Ɗaki a Damagaram

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a unguwar Birni. Ƙanena ya aiko mini da ƙaramin jirgin ƙasa mai aiki da lantarki daga Faransa: kan jirgi ɗaya, taragu huɗu, layi mai zagaye da akwatin ba shi wuta. A jikin kwalin an rubuta HO. A kan tabarma nake shimfiɗa shi, sai ya riƙa tsayawa yana cijewa. Ina so in kafa shi dindindin a kan tebur, da tasha da tudu da gada. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mu fara da cijewar, don ita za ta nuna maka yadda za ka tsara komai. Wutar jirgin nan ta cikin dogayen biyu take bi, ta shiga ƙafafun kan jirgi ta kai ga mota, wato ƙaramin injin lantarki da ke juya su. Wurin da ƙafa ke taɓa dogo bai fi kan allura ba. Ƙura kaɗan, ko zaren tabarma, ko mahaɗar layi da ta ɗan buɗe, ya isa ya yanke wutar. A gari irin Damagaram, inda hazon hunturu ke shiga ɗaki ko ƙofa a rufe, duk tsarin da ya hana ka kai hannu ka goge layi cikin sauƙi, tsari ne da zai gajiyar da kai.

HO na nufin an rage girman komai sau 87. Tsakanin dogayen biyu milimita 16.5 ne, kwatankwacin milimita 1,435 na babban layi. Mutum mai tsayin mita 1.70 zai koma kusan santimita 2, bangon soro mai mita 3 kuma santimita 3 da rabi. Akwai ƙanensa N, wanda aka rage sau 160, dogayensa na da tazarar milimita 9. Ya fi cin ƙaramin wuri, amma ya fi jin ƙura, don haka HO ɗin da ka samu shi ya dace da nan. Kafin ka sa a aiko maka da ƙarin kaya, duba tsakiyar layinka. In ka ga ƙananan ƙusoshi a jere tsakanin dogayen, tsarin kamfanin Märklin ne, kuma kan jirginsa ba ya tafiya a layin Piko ko Roco ko Jouef masu dogo biyu. Ko cikin masu dogo biyun, kusurwar lanƙwasa da tsayin dogo sukan bambanta, gara ka tsaya ga layin kamfani ɗaya.

Sai tebur. Faifan filawud da kafintoci ke sayarwa santimita 122 ne a 244, kuma ya ishi mai farawa. Nemi mai kaurin milimita 9 zuwa 12. Kada a ɗora shi a kan ƙafafu kawai, zai lotsa a tsakiya. A yi masa firam da busasshen katako mai santimita 2 a 7, da sandunan gicciye duk bayan santimita 40, a ɗaure da sukuru da gam. A shafa fenti sama da ƙasa da gefuna, har inda ido ba ya gani. Ƙafafun kuwa, in da hali mai walda ya yi su da ƙarfe saboda gara, tsayinsu mita 1 ko ɗan fiye. Hannun babban mutum ba ya aiki da kyau bayan santimita 60 zuwa 70, saboda haka tebur mai faɗin 122 ba a jingina dogon gefensa da bango. Bar hanya ta ɓangarorin biyu, ko ka sa masa tayoyi.

Zana layin a ƙasa da alli ko a kan takardar buhun siminti, daidai girmansa, kafin a yanka katako. Layin da ke zuwa cikin kwali yawanci lanƙwasarsa santimita 36 ce daga tsakiyar da'ira. Gajerun taragu za su bi, amma dogayen taragun fasinja za su riƙa leƙowa waje, wani lokaci su sauka. In za ka sayi ƙari, ɗauki mai 42 ko 48. Na 48 zai ci santimita 97 a faɗi, ya bar maka kusan 12 a kowane gefe, wanda zai hana kan jirgi faɗawa kan siminti in ya goce. Kada ka haɗa lanƙwasar dama da ta hagu baki da baki. Sa miƙaƙƙen layi mai tsawon tarago ɗaya a tsakani.

Game da gada, shawararmu ka haƙura da ita a wannan teburin. Ga lissafin. Don jirgi ya wuce ƙarƙashin wani, ana bukatar kusan santimita 8 har da kaurin gadar. Hawan da kan jirgi ke iya ja ba tare da ƙafafunsa sun yi ta juyi a banza ba shi ne santimita 2 zuwa 3 a kowace mita. Ke nan kana bukatar aƙalla santimita 270 na hawa, da wasu 270 na sauka, alhali zagayen layinka duka bai wuce mita 5 da rabi ba. Babu sauran shimfiɗaɗɗen wurin tasha, kuma tarago da ka ajiye zai gangara da kansa. In gadar ce a ranka, yanke filawud ɗin ka yi busasshen ƙorama a ƙarƙashin layi, jirgi ya ratsa ta sama ba tare da ya hau ko'ina ba. Mararraba (inda layi ke rabuwa biyu) guda biyu da layin kaucewa, da ta uku mai shiga wurin lodi, za su ba ka aikin da ya fi kallon jirgi yana zagaye.

Abin da littattafan Turai ba su cika kula da shi ba shi ne yanayinmu. Dogo mai tsawon mita 1 yana ƙaruwa da kusan rabin milimita in zafi ya hau da digiri 30, kuma tsakanin daren Janairu da tsakar ranar Afrilu a ɗaki mai rufin kwano ana iya samun kusan haka. Katako kuma yana kumbura da damina, ya tsuke da rani. A bazara abubuwan biyu ke haɗuwa: dogo ya miƙe, katako ya tsuke. In babu sarari, layi zai kumbura gefe kamar maciji, jirgi ya riƙa sauka a wuri ɗaya kullum. Idan da damina ko da sanyi ka shimfiɗa, bar tazarar rabin milimita, kamar kaurin takardar kwalin ashana, a mahaɗa ɗaya duk bayan mita. Idan a Afrilu ne, tazara kaɗan ta isa. Kada ka like dukkan mahaɗu da dalma, kuma ƙusar layi kada ta danne shi har ya lotsa.

Tunda mahaɗun za su kasance a sake, kada ka dogara da su wajen kai wuta. Ja wayoyi biyu masu kaurin 1.5 a ƙarƙashin tebur, ja da baƙi, sannan duk bayan mita ɗaya ka huda katako ka haɗa siririyar waya mai 0.5 da gefen waje na kowane dogo. Ja kullum a dogo ɗaya, baƙi a ɗayan. Mai gyaran rediyo zai like maka su da dalma, amma ka ce masa ya yi sauri, don robar da ke riƙe dogo tana narkewa. Ka guji layin da ke juyowa ya koma kan kansa, yana haɗa ja da baƙi, wuta ta ɗauke. Akwatin da ya zo daga Faransa ya dace da volt 220 na NIGELEC, na Amurka kuwa 120 ne, zai ƙone. In jirgin na tsarin volt 12 ne na gargajiya, ba na dijital ba, batirin sola zai iya tuƙa shi ta ƙaramar na'urar rage gudu, da sharaɗin ka sa fis na amfiya 2 kusa da batirin. Ba tare da fis ba, tarago ɗaya da ya goce ya haɗa dogayen zai iya narkar da waya.

Kada ka zuba ko ƙwayar yashi sai jirgi ya yi kwanaki yana zagayawa gaba da baya, a hankali da sauri, bai sauka ba. Daga nan sai ado. Tace yashi da rariya, wanke shi, shanya, sannan ka ratsa maganaɗisu a ciki. Za ka ga baƙin garin ƙarfe ya manne masa, wanda da motar jirgi ce za ta jawo shi. Baza yashin da buroshi tsakanin katakan diga, wato sandunan gicciye da ke ƙarƙashin dogo, fesa masa ruwa mai ɗigon sabulu, sannan ka ɗiga farin gam na kafinta da aka sirka da ruwa rabi da rabi. Kada gam ya kusanci harshen mararraba. Tudu kuwa a yi shi da farin soson da ke zuwa cikin kwalin firiji, a rufe da tsumma da gam, a yayyafa jar ƙasa. Ainihin dutse nauyi gare shi. Duwatsun Birni da gidajen ƙasa masu zanko suna fita da kyau da soso da kwali. Dogo bai taɓa zuwa Damagaram ba, amma ya isa Kano a 1911 da Nguru a 1930, kuma gyaɗa ce babban kayansa, don haka tasha mai buhunan gyaɗa da raƙuma ba baƙon abu ba ce a wannan yanki.

Gogewa kuwa, tsumma marar gashi da ɗan alkol na kantin magani, a kan dogo da ƙafafun kan jirgi. Kada ka taɓa sa sanfefa, tana barin ƙananan kurji da datti ke maƙalewa a ciki. Mai kuma ɗigo ɗaya a kan tsinke ya ishi kowane giya, don wanda ya yi yawa ƙura yake kamawa. Kafa sanduna huɗu a kusurwoyin tebur ka riƙa lulluɓe shi da leda ko yadi mai kauri yadda ba zai taɓa gine-gine ba, kan jirgin kuma ya kwana a kwalinsa daga Nuwamba har hazo ya wuce.